Gwaggo da Koriyar Hula

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga babanki Bukar zuwa ga Uwata, Falmata. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, kina kan kujerar kar, babbar motar fasinja, ba kan buhun wani ba. Allah ya tsare hanya, ya raba direba da gyangyaɗi, ya haɗa ki da abokin zama wanda ba ya taunar goro yana magana, ya sauke ki Yamai lafiya. Amin.

Na san inda za ki buɗe ta. Na sa ta ƙarƙashin ƙullin kilishi, kuma na san ki, kafin kar ya kai Maine hannunki ya shiga jaka. Kada ki waiga, ba wanda ya gan ki. Ci abinki ki karanta a hankali. Ni allo na yi, wannan bokon ke kika koya mini, saboda haka duk harafin da ya karkace laifin malama ne.

Za ki ce me ya hana ni faɗa da baki. Ke 'yar fari ce, ga sunan mahaifiyata a kanki. Duk ranar da na zaunar da ke zan yi maganar hankali sai in ga kamar tsohuwa ce ke kallona, sai bakina ya koma wasa. Haka ta faru ranar da kiranki ya zo, cewa an ɗauke ki horon aikin gandun daji. Kin kawo mini tuwo, kin durƙusa, kin ƙi tashi. Kika ce, "Baba, Gwaggo fa?"

A gidanmu in an ce Gwaggo ba mutum ake nufi ba. Bindigar kakanki ce mai baki ɗaya, wadda ya sa wa suna haka domin sai ta yi tari kafin ta yi magana, in ta yi maganar kuma sai ta mangare wanda ya riƙe ta.

Na ce, "Tana nan tana hutawa."

Kika ce, "Kafin a ba mu kaki, jandarma za su binciki gidan kowa. In aka samu bindiga binne a gonarmu ba takarda, kai a rufe ka, ni a kore ni. Ko ba su samu ba, ni na sani. Ba zan tare ɗan wani a daji saboda bindiga marar takarda, in dawo in kwana inda tamu take binne ba. Muddin tana ƙasa, ba zan shigo gidan nan da kaki ba."

Na ce, "To ki riƙa cirewa a zaure, zan sa a kafa miki ƙusa."

Ba ki yi dariya ba. Tun ranar ba ki ƙara dariyar zancena ba. Na gwada labarin akuyar liman, na gwada kwaikwayon tafiyar kawunki, mamanki har ta ƙware, ke ko haƙori. Uwata, mutane sun zage ni, an bi ni da sanda, an taɓa zuba mini ruwan wanke-wanke, duk ban ji komai ba. Wannan shirun naki shi ya hana tuwo wucewa.

To bari in zayyana miki wautar da na yi da wannan bindiga, domin mutanen da za ki riƙa tarewa a daji irina ne, gara ki san mu tun daga gida.

Kakanki ya rasu ina saurayi, gemu ko alama babu. Da aka zo rabon gado na ce ni a ba ni Gwaggo. Ta zo da takardarta cikin gwangwanin shayi, ga hoton tsoho a manne, farin gemu har ƙirji. A tunanina takarda kayan bindiga ce, kamar maɗaurinta da sandar goge bakinta. Wanda aka ba bindiga an ba shi duka.

Bayan kaka na shiga fadamar Kumadugu na samo zabin daji biyu. Ina fitowa daga cikin kaba sai ga Shef Isufu, mutumin Damagaram, ma'aikacin gandun dajin yankinmu a lokacin. Shi ne dai tsohon da kika sani yanzu yana sayar da dashen mangwaro bayan kasuwa. A wancan zamani dogo ne, in ya tsaya sai ka ce turken rumfa.

Ya ce, "Samari, sannu da aiki. Takarda?"

Na miƙa da hannu biyu. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya koma kan hoton.

"Wannan kai ne?"

"Ni ne, Shef. Ranar da aka ɗauka ban ji daɗi ba."

"Gemun fa?"

"Na aske saboda zafi."

Ya yi dariya har ya zauna kan kututturen goriba. Da ya huce ya ce in zauna ni ma. Ya ce, "Allah ya jiƙan babanka. Na je ta'aziyya, kai ka shimfiɗa mini tabarma. Ka ji, yaro, bindiga ana gadonta, izini ba a gadonsa. Hukuma ta san babanka, ta yarda da hankalinsa, ta ba shi. Kai ba ta san ka ba tukuna." Ya tafi da Gwaggo biro, wato ofishinsu, ya ajiye, ya ce ranar da na kawo takarda mai fuskata in zo in ɗauka. Zabin kuma ya kai wa masu jinya a likita. Na bi su da ido har suka ɓace.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, yawancin waɗanda za ki samu da takardar uba ko ta yaya ba yaudara suka fito yi ba, haka suka ɗauka abin yake. Ki karɓi abin da doka ta ce ki karɓa, kada ki sassauta. Amma ki zaunar da mutum tukuna, ki tambayi sunan gidansu, ki bayyana masa dalili da harshen da yake ji, Barbarci ne ko Fillanci. Da Shef ya fizge bindigar nan yana tsaye yana Faransanci, da na tsane shi har yau, kuma da na nemo wata a ɓoye.

Wauta ta biyu ta fi ta farko kyau, har yanzu maharba na ba da labarinta.

Na shiga neman izini na kaina. Na sha yawo. Takardar roƙo, hotuna, takardar kotu mai shaida cewa ban taɓa laifi ba, wadda ta ba mutanen garinmu mamaki ƙwarai. Likita ya duba idona. Jandarma suka je wurin Bulama, mai garinmu, tambayar halina, ya ce musu, "Mugunta babu. Amma in kun shiga masallaci da shi ku riƙe takalmanku a hannu." Aka tura komai Yamai. Na jira har na fid da rai, sannan takarda ta dawo da sunana da lambar Gwaggo da hatimi.

Mu da muka tashi a gaban allo abu ɗaya muka sani: rubutu mai daraja ba a barinsa a fili. Ninke shi ake yi a kai wa baduku. Na ninke ta ƙanana, na kai kasuwa, aka ɗinke ta cikin jar fata, ɗinki biyu, aka sa igiya. Baduku ya ce, "Wane malami ya ba ka wannan?" Na ce, "Malamin Yamai ne, ba ya ba kowa." Na rataya a wuya, na karɓo Gwaggo, na shiga daji ina tafiya kamar ni na shuka shi.

Shef ya same ni bakin wani tafki ina laɓaɓa agwagin ruwa.

"Takarda?"

Na buɗe wuyan riga na nuna masa.

"Mene ne wannan?"

"Farmi ne, Shef. Ruwa ba ya taɓa shi, gara ba ta cin sa."

"Madalla. Ni kuma ta ina zan karanta?"

Wallahi sai lokacin abin ya faɗo mini. Muka zauna, ya fid da wuƙa yana farke ɗinki a hankali kamar mai fiɗar kifi. Da takarda ta fito, ashe basillar baduku ta bi ta kan lambar bindiga ta yi mata huji a jere. Ya ɗaga ta sama, rana na fitowa ta ciki. Ya ce, "Lambar Gwaggo ta tafi da badukunka. Sai ka nemi wata. Amma ko lafiyarta ƙalau, wannan ta riƙe bindiga ce. Ta farauta fa?"

Na ce, "Biyu ne?"

Ya ce biyu ne, kuma ƙofarsu daban. Ɗaya ta ba ka damar ajiye bindiga da ɗaukarta. Ɗaya kuma daga bironsu take fita, ita ke ba ka damar harbin naman daji, tana da wa'adinta, in ya cika a sabunta. Kuma tana faɗin abin da aka yarda ka harba. Mai takardar tsuntsu da zomo ba ruwansa da barewa, wasu dabbobin ma ba takardar da ke halatta su ko ta wane ce.

Na ce, "Shef, me ya sa ba ka gaya mini ba tun wancan karo?"

Ya ce, "Wannan kam laifina ne."

To kin ji. In mutum ya zo gabanki, ki faɗa masa ƙofofin duka a zama ɗaya: wacce zai fara, wacce ke biye, yaushe wa'adi ke cika, me ya halatta masa. Mai zuwa daga Boso ko daga rugar da ke bayan tudu ba zai iya dawowa kullum a ƙara masa guda ba. In ya gaji, ba farauta zai bari ba, biro zai bari. Kuma za ki ga takarda a wurare masu ban mamaki, cikin hula, cikin kube, cikin gorar ruwa da ba ruwa. Kada ki riga mai ita dariya. In ya fara, ki taya shi.

Na samu takardun nan biyu daga baya, amma zuciyata ta ce sai na rama yawon da Shef ya sa ni. Damina ta sauka, an rufe farauta. Na ɗauki tabaryar mamanki, tana amarya lokacin, na naɗe da tsohon zane, na saɓa a kafaɗa, na bi ta gaban biro ina waige-waige. Na nufi kogi. Ya biyo ni. Na ratsa taɓon fadama da gangan, ta inda ƙafa ke nutsewa har gwiwa. Takalminsa ɗaya yana can har yau. A bakin ruwa ya cim mini yana haki.

"Ajiye."

Na ajiye. Ya kwance zane. Ya daɗe yana kallon tabarya.

"Ina za ka da ita?"

"Wanka zan yi mata, Shef."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Tunda ƙarfi ya yi maka yawa, durƙusa." Goya shi na yi, Uwata. Ƙaton mutum, na ratso da shi taɓon nan gaba ɗaya, mata masu wanki suna tafi, shi kuma yana ce musu, "Ku matsa, dokin sabo ne." Na iso gida na tarar mamanki ta zagaye unguwa neman tabarya, ba daka, ba tuwo. Ranar nan da yunwa na kwana, baya na ciwo.

Wannan wasa na wancan zamani ne. Yau wanda ya naɗe sanda ya nufi kogi ba za a bi shi a tambaye shi ba, ki gaya wa ƙannenki in sun ji labarin suna sha'awa. Ke kuma ki kwance zane tukuna kafin ki yanke wa mutum hukunci. Maharba za su tsokane ki, balle sun ga mace da kaki. Kada ki yi fushi, kada ki kai ƙara. Ki nemi yadda mai tsokanar zai goya ki a gaban mutane. Jinina ce ke, ba za ki rasa dabara ba.

Akwai wadda ba wanda ya kama ni, kuma ita ta fi zama mini a rai. Kina ƙarama, kin fara gudu. Muka yi baƙo cikin damina, na ce zabuwa ɗaya ba za ta rage daji ba. Na harbo ta a cikin ciyawa, na je ɗauka, sai ga ƙwai a ƙarƙashinta, da ɗuminsu. Na cire hula na kwashe su, na kawo na sa wa kazar mamanki mai kwanci. Ta karɓa ba ta tambayi takarda ba.

Kin tuna 'yan zabin nan? Ke ce makiyayiyarsu. Kin raɗa musu sunayen maƙwabta, mai yawan surutun kika sa mata sunan matar Bulama, har ta ji ta zo gidanmu. Da suka girma, wata safiya suka tashi gaba ɗaya suka haye kogi. Kika yi kuka, kika tambaye ni ina uwarsu ta ainihi, na ce ta yi tafiya. Yau na gyara miki: a miyar baƙo ta yi tafiya.

Sarkin Baka, Baba Kyari, shugabanmu maharba, da ya ga zabin daji a tsakar gidana bai tambaye ni komai ba. Sai dai shekarar nan duk zaman da maharba suka yi ba a aiko mini ba. Rufe farauta da damina ba biro ya ƙirƙiro ba, tsofaffinmu na da shi tun kafin hatimi, domin lokacin ne tsuntsu ke kwanci, dabba ke goyo. Duk garin da aka kai ki, ki fara gaida Sarkin Baka kafin ki shiga dajinsa. Ki ce masa dokarku da tasa uwarsu ɗaya. In ya yarda da ke, ya fi motar sintiri amfani.

Yanzu ga babbar. Da rikici ya zo, aka hana hawa moto, wato babur, muka bar ƙauye muka shigo Difa da abin da hannu ya iya ɗauka. Bulama ya tara mu ya ce hukuma na so duk mai bindigar farauta ya je ya bayyana ta. Ni takarduna wa'adinsu ya wuce, a cikin ƙaura kuma gwangwanin ya ɓace. Tsoro ya kama ni ta gefe biyu. In na kai, na ce ba za a maido mini ba. In na ajiye a ɗaka, mutanen daji masu tada rikicin su ji labari su zo nema, ko soja su samu su ɗauke ni ɗaya daga cikinsu. Na shafe Gwaggo da baƙin man mota, na naɗe da roba da buhu, na binne ta a gonar tattasai kusa da goriba mai reshe biyu, na tuttule sauran man a kai. Na ce in ƙura ta lafa zan fid da ita.

Da aka bar mu muka koma noma, kowace shekara sai in ce baɗi. Abin da ka ɓoye na mako, fid da shi magana ɗaya ce. In ya shekara, sai ka bayyana dalilin ɓoyewa da dalilin shirun. Kullum bayanin na ƙara tsawo, ƙafa na ƙara nauyi. In wani ya zo miki da kansa ya ce yana da abin da ya ɓoye, ki ba shi wurin zama da ruwa kafin ki ɗauki alƙalami. Ba ki san sau nawa ya zo ƙofar ya juya ba.

Ni ma na juya. Amma da kika tafi Maine yin bankwana da kawunki, na je wurin Sarkin Baka na gaya masa komai. Na ce zan haƙo ta, in naɗe a tabarma, in ɗora a amalanke in kai wa jandarma.

Ya ce, "Kai da ka naɗe tabarya aka bi ka har kogi, yanzu za ka naɗe bindiga ka nufi bariki? A shingen farko za mu je ɗaukar gawarka. Ba a kai musu. Gaya musu ake yi, su zo su gani da idonsu."

Muka biya bayan kasuwa muka ɗauki Shef Isufu, domin shi kaɗai ya rage wanda ya taɓa ganin takarduna. Mu uku muka shiga wurin kumandan jandarma. Na faɗi abin da ke tafe da ni. Shef ya ba da shaida cewa bindigar ta gado ce, ta taɓa samun izini. Sai ya ƙara da cewa, "Amma kumandan, ku tafi da shiri. Tana iya zama tabarya."

Da hantsi motar jandarma ta tsaya bakin gonarmu. Na ɗauki shebur na nufi goriba mai reshe biyu. Babu goriba. Ruwan da ya cika kogi shekarun baya ya kayar da ita, an sare an ƙone, ni kuwa don kada a gane ni na daina ko kallon wajen. Na haƙa inda nake zato, ƙasa. Na matsa gaba, ƙasa. Na koma baya, sai tsohon takalmi, Shef ya ce a duba ko nasa ne. Masu gonakin kusa suka taru. Rana ta take. Gonar ta koma kamar inda gafiya ta yi gari.

Fuskar kumandan ta fara canzawa. Ya ce, "Malam Bukar, an ba ni labarin halinka. In wasa ne wannan, yau wurinmu za ka kwana."

Uwata, tun da aka haife ni ban taɓa roƙon Allah a yarda da maganata ba sai ranar. Na duba jama'a, kowa murmushi yake, kowa jira yake in ce na kama ku. Duk tsokanar da na yi a duniya ta zo ta tsaya bakin gona tana kallona.

Sai ga mamanki da ƙwaryar fura a ka. Ta sauke, ta gaida baƙi, ta dubi ramukan.

"Malam, wa ya ce ka kashe mini gona?"

Na ce, "Ajiya nake nema."

Ta ce, "Gwaggo? Je ka can, inda tattasai ba ya girma. Shekara da shekaru ina zuba taki a wurin, man da ka tuttule ya kashe ƙasa. Kana tsammani ban san abin da ke ƙarƙashin gonar da nake cirar ciyawarta ba?"

Shebur kaɗan sai ga buhu. Gara ta cinye kotar itacen, maɗauri ya ruɓe, amma ƙarfen na nan, lamba ta fito sarai da aka goge. Shef ya cire hula ya ce, "Sannu, Gwaggo. Kin tsufa, mun tsufa." Sarkin Baka ya yi wa kakanki addu'a, muka shafa, har da jandarma.

A bariki na sha tambaya, na sha faɗa, kuma na cancanta. An ci ni tara na biya, ba zan gaya miki nawa ba, mamanki ma ban gaya mata ba. Aka rubuta cewa da ƙafata na zo, aka ba ni shaida. Ba ta ga baduku ba, tana cikin akwatin mamanki a miƙe. Kumandan ya ce Gwaggo za ta zauna a ma'ajinsu. In wata rana an buɗe farauta a yankinmu kuma ina so, sai in sake neman izini daga farko, ƙofa biyu. Da zan fita ya ce, "Bayan shekarun nan duka, me ya taso da kai yanzu?"

Na ce, "'Yata za ta sa kaki."

Ya ce, "Ka gaishe ta. Ka ce mata binciken gidan nan ta riga ta yi mana."

Ba zan ɓoye miki ba, da aka sa Gwaggo a mota na juya baya ina gyaran ramuka, don kada a ga idona. Hannun kakanki ya lashe ƙarfen nan wajen kunama har ya yi fari, wurin na nan yadda na san shi. Amma daren ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Za ki ce me ya sa da kika dawo daga Maine ba wanda ya gaya miki. Ni na roƙi unguwa gaba ɗaya ta riƙe baki. Shi ya sa kika ga matan maƙwabta na kallonki suna rufe fuska da mayafi, kika ɗauka kukan rabuwa suke. Mamanki ta ce mugunta ce a bar yarinya ta tafi da nauyi a zuciya. Na ce nauyin daga Difa zuwa Maine ne kawai, kuma akwai kilishi. Ki yafe mini, wannan ce tsokanata ta ƙarshe a wannan mako.

Sauran abin da zan ce kaɗan ne. Ki riƙe salla ko horo ya yi tsanani. Bindigar da za su ba ki, ki ɗauke ta kullum kamar da harsashi a ciki, kada bakinta ya dubi mutum ko da wasa, wannan wasan ko ni ban taɓa yi ba. Kada ki karɓi naman daji daga hannun maharbi, ko cinyar fakara ce, ko ni ne na kawo. In kin yi kuskure ki faɗa ranar, kada ki binne.

Ƙusar da Gwaggo ke rataye a kanta a ƙauye, na ciro ta ranar ƙaura na kafa a ɗakina na nan, shekarun nan ba komai a kanta. Mamanki ta sha cewa in cire, tana yage mata zane. Jiya na ƙara buga ta ta zauna sosai. Ba a zaure take ba, cikin ɗaka take. In kin dawo, ki shigo da kakinki har ciki, ki rataye koriyar hularki a nan.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin daji da na gari, ya sa shugabanninki su zama masu adalci, ya ba ki haƙurin zama da mutane irina. Ya jiƙan kakanninki, ya zaunar mana da ƙasa lafiya, ya maido ki gida da ƙafarki. Mamanki na gaishe ki, Sarkin Baka ya sa albarka, Shef Isufu ya ce in kin zama babba ki sa a nemo masa takalminsa.

Wayata na aljihu, na cika ta da wuta, ina zaune a zaure. In dariyar ta zo kada ki ɓarnatar da ita a kan fasinja. Ki kira ni in ji.

Wassalam.

Babanki,
Bukar